Kawu da Mutanensa na Dalma

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, gidansa na unguwar Minguettes, a gefen Lyon, bai ɗauke mu ba. Maza sun cika falo har baranda, mu mata muka matsu a ɗakin Tanti, matarsa, samari kuma suka jeru a matakala suna miƙa wa juna farantin shinkafa. An zo daga Paris, an zo daga Grenoble, wasu ma daga Marseille suka kamo hanya tun asuba. Kowa ya shigo da ɗan abin da ya sani game da mamacin. Wani direban taksi ɗan Maradi ya riƙa nuna wa mutane haƙoransa na gaba, yana cewa Alhaji ne ya ƙera masa su bayan haɗarin mota, kuma har yau ba su taɓa motsi ba. Wata ɗaliba 'yar Tahoua ta kasa daina kuka. Ta ce shi ya tarye ta a tashar jirgin ƙasa ranar da ta sauka Lyon, riƙe da rigar sanyin Tanti, domin ya san za ta zo babu.

Sai dai na lura idon kowa yana komawa wuri ɗaya. A kusurwar falo akwai kabad mai gilashi, cike da ƙananan mutum-mutumi na dalma, kowane bai fi gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa ba. Wani dattijo ya leƙa, ya ja baya, ya ce a hankali, "Ashe da gaske ne." A ɗakinmu na ji wata Hajiya tana raɗa wa ta kusa da ita, "Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Sai dai wasan yaran nan da ya ƙi bari." Kawu Babba, yayansa da ya zo daga Stains, kusa da Paris, ya zaɓi kujerar da ta ba kabad ɗin baya, bai waiwaya ba har aka tashi. A bakin ƙofa kuma wani tsohon Bafaranshe ya tsaya riƙe da takalmansa a hannu, hannun yana rawa, ya rasa inda zai ajiye su, ya rasa wanda zai yi wa gaisuwa.

Maganar Hajiyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron nan gaba abin da zai rage na Kawu a bakin mutane shi ne dattijon nan mai wasan 'yar tsana. Ni kuwa na zauna a gidansa, ni ya riƙa aika nemo masa su, na san abin da yake nema a cikinsu.

Yayan mahaifiyata ne. Ya bar Damagaram yana saurayi, ya zo karatu, ya ƙare a sana'ar ƙera haƙoran roba a wani ɗakin aiki cikin Lyon, a nan ya yi rayuwarsa har ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ba ya sauri a komai, ko a sallama. In ka kira shi a waya sai ya tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, ko da kana tsaye a tashar metro kana jin jirgi na tahowa. Kalmarsa ita ce "Duba da kyau." Yana faɗa wa mai sayen tumatir, yana faɗa wa mai neman aure, yana faɗa mini in na kawo masa sakamakon jarrabawa ina murna.

Na zo gidansa a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da na samu gurbin karatu a Lyon. Na tarar ya riga ya faɗa cikin abin. Wata Asabar ya tafi da ni in gani. Ɗaki ne a gidan taron unguwa a Villeurbanne, maƙwabciyar Lyon, dattawa da 'yan samari sun kewaye manyan tebura. An mayar da kowane tebur filin daga, da tuddai da itatuwa da gidaje. Kowa yana da rundunarsa ta sojojin dalma. Ana auna tafiyarsu da metir irin na tela, a jefa 'ya'yan ludo don a san harbin wa ya samu, na wa ya kuskure. Wasu suna yaƙe-yaƙen Turai na da. Teburin su Kawu kuwa na zamanin shigowar Turawa ƙasashenmu ne.

A hanyarmu ta komawa ya ba ni labarin yadda ya fara. Wani abokin aikinsa ne ya gayyace shi kallo. Ya tarar da ayarin sojan Faransa a tebur, hafsoshi farare a gaba, baƙaƙen sojoji masu jar hula a baya, an yi musu fenti har maɓallan riga. A ɗaya gefen kuma wasu mutane ne tsirara, da gashin tsuntsu a ka, da garkuwar fatar saniya. Mai ayarin Faransan shi ne tsohon nan da na ce ya tsaya da takalmi a hannu. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, Kawu ya laƙaba masa suna Kwamandan saboda kullum shi ke jan sojan Faransa.

Kawu ya tambaye shi, "Ina ne nan?"

Ya ce, "Tsakanin kogin Kwara da Tafkin Chadi."

"To waɗannan fa, su wane ne?"

"Mutanen wurin."

Kawu ya ce, "Ni mutumin wurin ne. Kakana da taguwa ya fita yaƙin nan, da layu a damtse, da kwari a kafaɗa. Ban ji an ce ya tuɓe ba."

Kwamandan ya yi ja har kunne. Ya ce Zulu ne na can kudancin Afirka, su kaɗai ake samu a kanti, shi ya sa kowa yake sa su a madadin kowane Baƙar fata. Sannan ya ce, "In ka samo naku, kawo su. Zan so in gan su."

Kawu ya ce mini, "Bai faɗa da ƙeta ba, ɗiyata. Da da ƙeta ya faɗa, da na fita na manta. Da gaske yake son ya gan su, ni kuma ba ni da abin nunawa."

Daga nan nema ya fara, kuma bai ƙare ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya zagaye kantunan Lyon, ya yi odar kundayen hotunan kaya daga Ingila, yana zama da ƙamus yana bin su layi-layi. Da na gama karatu na samu aiki a Paris, sai na zama ƙafarsa. Akwai wani ɗan kanti a wani lungu kusa da dandalin République, mai shi ya saba da ni har yana ganina zai fara girgiza kai. Afirka a wajensa kashi uku ce: Zulu, mayaƙan Sudan masu riga mai faci, da Buzaye a kan raƙuma. Sai in tsaya gaban kanta in kira Kawu.

"Kawu, ga wasu nan masu rawani."

"Duba da kyau. Rawanin ya rufe baki?"

"Ya rufe."

"Na Buzaye ne. Ƙafarsa fa, takalmi ne ko ƙyalle ya naɗa?"

"Ba takalmi."

"Me ya riƙe?"

"Takobi mai lanƙwasa."

Sai ya yi lissafi a ransa, ya ce, "Ba namu ba ne. Amma ƙafafun za su yi. Sayo."

Haka rundunarsa ta taru, gaɓa-gaɓa. Yana yanke kan wannan ya ɗora a jikin wancan, ya miƙe takobin Larabawa ya zama irin namu, ya cire mashi ya sa baka da ya lanƙwasa da waya. Da wani irin danƙo mai launin kore, wanda yake yin tauri in ya sha iska, yake ɗinka musu taguwa da wando, ya jera musu layu, ya rataya musu kwari. Kayan aikin haƙoransa ya dawo da su teburin kicin, da fitila mai madubin ƙara girma. Har tsagar fuska yana yi, da burushin da ya rage wa gashi har ya kusan ƙarewa. In ka sa ido sosai za ka gane wannan Bakatsine ne, wancan Babarbare, wancan Bagobiri.

Launi ya fi ba shi wahala. Ya ce shuɗin da ake sayarwa a kwalba shuɗin Turawa ne, ba shi da duhu, ba shi da ƙyalli. Ya aike ni Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a Paris, in bi masu sayar da yadi in nemo masa ƙyallen turkuɗi na gaske, wanda yake zuba a hannu. Na sha yawo kafin wata 'yar Mali ta ciro mini wani daga ƙasan akwati. Ya kafa shi a bango gaban teburinsa, ya yi ta haɗa fenti yana gwadawa har ya gamsu. Tanti kuwa ta sha fama. Tsintsiyarta ta koma darni da jinka, murafan kwalabe suka koma rumbuna, rariyarta ta ɓace aka same ta ta zama zana. Takan ce, "Alhaji, in ka gama gina musu gari, sai ka tambaye su ko suna da tsintsiyar aro." Shi kuma ya yi murmushi bai ɗago ba.

Ba kowa ne ya ɗauki abin da wasa ba. Wata Babbar Sallah Kawu Babba ya zo Lyon da iyalinsa. Mutum ne mai karatu, shi ke jan sallah a wani ƙaramin masallaci a Stains, kuma shi ya riƙe Kawu bayan rasuwar mahaifinsu. Bayan an ci nama, Kawu ya buɗe kabad don ya nuna masa, da ɗoki irin na ƙane. Kawu Babba ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai ka yi waɗannan da hannunka?"

"Ni na haɗa su, Yaya."

"Da ido da hanci da baki. Ka san abin da aka ce game da mai sassaƙa surar abu mai rai. Ranar da za a ce ka hura musu rai, me za ka ce? Ga kuma 'ya'yan caca a kai. Da furfurarka."

 Kawu ya ce, "Ba bauta musu nake ba, Yaya. So nake a san kakanninmu sun sa riga."

"Allah ya san sun sa. Bai ishe ka ba?"

 Kawu Babba ya tashi ya yi sallar la'asar a matakala, ya ƙi yi a falon, washegari suka koma Paris. Maganar ta shiga Kawu fiye da yadda ya nuna. Ya rufe kayan aikinsa, watanni bai taɓa burushi ba. Ya tambayi malamai a Lyon, wani ya tsananta, wani ya sassauta. Bai taɓa cewa yayansa ya yi kuskure ba, ko a bayan idonsa. Abin da ya yi shi ne ya daina sallah a falo, ya mayar da dardumarsa ɗaki, sannan wata rana ya sake kunna fitilarsa. Na tambaye shi ko ya samu fatawar da ta kwantar masa da hankali. Ya ce, "Ban samu ba. Ina yi ina istigfari. Allah ya san abin da ke raina, shi zan tarar."

Sun daɗe ba sa waya. Kawu ne ya hau jirgi ba sanarwa, ya biyo ta wurina muka tafi Stains tare, da ƙunshin kilishi a jakarsa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa da kowa. Can Kawu Babba ya ce, "Ka bari?"

"Ban bari ba, Yaya."

"To, Allah ya shirye mu."

"Amin."

Aka kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya. Iyakar sulhun ke nan, kuma ya riƙe su har mutuwa ta raba. Babu wanda ya canja ra'ayi.

A wurin wasan ma Kawu bai bar mutane sun huta ba. Da rundunarsa ta cika, sai ya fara kawo wasu da ba mayaƙa ba. Ya yi 'yan dako, jere a igiya ɗaya, da akwatuna a ka. A dokar wasan ta da, kayan ayari wani ɗan katako ne kawai da ake turawa a bayan sojoji. Kawu ya ce kaya ba su tafiya da kansu. Ya nemi a sa doka cewa 'yan dako suna gajiya, suna jin ƙishi, kuma in sun samu sarari suna gudu. Ya ce kuma duk garin da ayari zai shiga, sai an sa mutanen garin a tebur, tsofaffi da yara da awaki. Wani daga cikin 'yan wasan ya ce shi hutu ya zo yi ba makoki ba, wasa ne. Kawu ya ce, "Wasa ne, na yarda. Amma garin da ba kowa a ciki, ƙona shi ba wuya." Mutum biyu suka koma wani tebur. Kwamandan ya zauna. Ya ce tun da aka sa mutanen, ya kan daɗe yana juya ɗan ludo a hannu kafin ya jefa.

Yawanci Kawu ne ake ci, domin baka ba ta kai inda bindiga take kaiwa, kuma bai yarda a sassauta masa doka ba. Sau ɗaya na san ya yi nasara sosai. Ya janye mutanensa daga gari, ya cike rijiya, 'yan dakon Kwamandan suka watse, ayari ya juya. Na ɗauka zai dawo gida da murna. Ya shigo ya zauna ba fara'a. Tanti ta ce, "An ce ka ci, me ya faru kuma?" Ya ce, "Na ci a tebur."

Ɗansu ɗaya ne, haifaffen Lyon, Hausarsa tana tafiya da sandar Faransanci. Shi bai damu da zancen sura ba, abin da ya dame shi daban ne. Yana ganin ubansa yana zama da jikokin waɗanda suka yi ɓarna a ƙasarmu suna mayar da ita nishaɗin Asabar. Abin ya fashe ne lokacin da ciwon rawar hannu ya kama Kwamandan har ya kasa riƙe burushi. Yana da sabbin hafsoshin Faransa da ya saya bai yi musu fenti ba. Kawu ya karɓo su ya kawo gida. Na zo hutu a lokacin, na ga ɗan ya shigo kicin ya tarar da ubansa a ƙarƙashin fitila yana gyara wa wani hafsa gashin baki.

Ya ce, "Papa, c'est pas possible, wannan ba zai yiwu ba. Waɗannan su suka ƙone garin su Kaka. Kai kuma kana yi musu kwalliya."

Kawu ya ajiye burushi. Ya ce, "Zauna." Ya ɗauko mutum uku daga kabad ya jera a gabansa. "Wannan mai bakan kakana ne. Wannan mai akwati a ka ƙanensa ne, an ɗaure shi an tafi da shi, ba a sake jin labarinsa ba. Wannan mai jar hular kuma kawun mahaifiyata ne, daga baya ya shiga sojansu, da kansa ko da tilas, ban sani ba. Duk teburin nan danginka ne, ta kowane gefe."

"Hafsan fa? Shi ma danginmu ne?"

"A'a. Shi na abokina ne, hannunsa yana rawa, nawa bai fara ba tukuna. In na yi masa aikin banza don ina jin haushin wanda ya mutu tun kafin a haife ni, abokina na cuta."

Ɗan bai gamsu ba, ya tashi ya fita. Amma na ga ya tsaya a bakin ƙofa ya sake duban mai akwatin. Hafsoshin kuwa Kawu ya yi musu aiki kamar nasa, ya kai wa Kwamandan har gida. Tun daga lokacin, kowace Asabar shi yake biya masa su tafi tare, shi yake jefa masa ɗan ludo in hannun ya ƙi.

Bayan ya yi ritaya ne ya gaya mini akwai mutum ɗaya da ya rage. Kakarsa ce, mahaifiyar babansa. Ranar da ayarin sojan Faransa ya doso garinsu, mazan suka tsaya, ita ta gudu cikin daji da jariri a baya. Jaririn shi ne mahaifin Kawu, kakana ke nan. Kawu ya ce, "Da ta yi tuntuɓe, da babu ni, babu uwarki, babu ke. Na yi masu baka sun fi a ƙirga, ita ban yi ta ba."

Na koma yawon kantuna. Matan Afirka da ake sayarwa iri biyu ne, ko mai rawa ba riga, ko mai tulu a ka tana tsaye tana murmushi. Babu mai gudu, babu mai goyo. Ya gwada yin ta da kansa, amma lokacin ido ya fara yi masa hazo, yatsun ma sun yi nauyi. Ya yi ya ɓata, ya yi ya ɓata, ya ce fuskar tana fitowa kamar ta namiji. A wani baje kolin masu wannan wasa da ake yi a bayan Paris na haɗu da wata matashiya Bafaranshiya mai sassaƙa irin waɗannan mutum-mutumi. Na ba ta labarin a tsaye, cikin hayaniya. Ta ce in turo mata duk abin da yake da shi. Kawu ya zana mata a takarda, ya yi mata bayani a waya, ina fassara abin da Faransancinsa ya kasa ɗauka, irin su yadda ake ɗaurin ƙirji da yadda kitson matan wancan zamani yake.

Kafin ta gama, ciwon hanta ya kwantar da shi. Ranar da samfurin ya iso hannuna na hau jirgi zuwa Lyon, na wuce asibiti kai tsaye. Da hantsi ne, rana ta shigo ta taga. Ya rame ƙwarai, Tanti tana zaune a gefensa tana ja masa carbi. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, ko da yake numfashi yana yanke masa. Sannan na kwance audugar da aka naɗo samfurin a ciki, na ɗora masa a tafin hannu. 'Yar mace ce mai launin toka, ba fenti, ta karkata gaba, ƙafa ɗaya a sama.

Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa. Da idon ya gaza, sai ya bi ta da babban yatsa, daga kai har ƙafa. Ya daɗe a bayanta.

Ya ce, "Yarinyar nan tana da hannu. Gudun ya yi. Amma goyon ya yi ƙasa."

Na ce, "Kawu, ai da kyar ake ganinsa."

"Mai zuwa kasuwa ce take goyo a nan. Wadda za ta yi gudu tana ɗaga shi sama, ta ɗaure tam, kan yaron ya kwanta tsakanin kafaɗunta. In ta yi gudu a haka, zai faɗi." Ya juya wajen Tanti. "Hajiya, nuna mata."

Tanti ta ce, "A nan? Alhaji, asibiti ne fa."

"Nuna mata, don Allah."

Ta ajiye carbi. Mace mai jikoki a dangi, mai ciwon gwiwa, ta tashi ta zare matashin kai daga kujera, ta sunkuya ta ɗora shi a baya, ta warware mayafinta ta ja shi sama har ƙarƙashin hammata, ta ɗaure, ta sake ɗaurewa. Ta karkata gaba ta ɗaga ƙafa ɗaya, tana dafe da ƙarfen gado. Na ɗauki hoto ta gaba da ta baya da ta gefe. Ana cikin haka ma'aikaciyar jinya ta turo ƙofa, ta tsaya, ta ce za ta dawo, ta ja ƙofar a hankali. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Tanti ta zo tana shafa masa ƙirji da matashin a bayanta, tana cewa, "Ka ga abin da ka ja mini." Dariyarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Da zan tafi ya mayar mini da ita cikin audugar da kansa. Ya ce in gaya wa yarinyar ya gode, kuma kada ta yi sauri.

Bai ga gyaran ba. Ya rasu da safiyar wata Juma'a, Tanti da ɗansa suna kansa, Kawu Babba yana hanya. An binne shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan Lyon, kamar yadda ya yi wasiyya, domin ya ce a nan matarsa za ta iya zuwa.

Gyararren ya iso bayan an watse daga zaman makoki, gida ya koma shiru. Na kai wa Tanti. Tana cikin takaba, zaune a kan darduma a ɗakinta. Ta kwance audugar, ta sa tabarau, ta juya 'yar matar ta duba bayanta. Ta sa farce ta taɓa ƙullin zanen, ta taɓa ɗan kan da ya kwanta tsakanin kafaɗu.  Sannan ta ce, "Yanzu yaron ba zai faɗi ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya dubi abin da ke ransa kamar yadda ya yi fata. Allah ya haɗa shi da waɗanda ya ƙi yarda a manta da su, a inda babu gudu. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.